Kwana Nawa Mara Lafiya Zai Yi a Gadon Asibiti? Waiwaye Cikin Tarihi



Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya saukar da cuta kuma Ya saukar da maganinta. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka, ya ɗan'uwa mai karatu, yau zan ɗan kauce wa abin da muka saba tattaunawa na fiƙihu da tarbiyya, in ja ka zuwa wani fage da ba kasafai ake jin malamin Islamiyya yana magana a kansa ba, wato gadon asibiti. Wa ke da hurumin cewa a kwantar da wannan, a mayar da wancan gida? Idan kuma an kwantar da mutum, wa ke ƙidaya masa kwanaki, kuma da wane ma'auni ake sallamarsa?

Duk wanda ya taɓa zaman jinya, ko a babban asibitin garinsu ne, ko an tura shi Gusau ko Sakkwato, ya san wannan tambaya ba ta wasa ba ce. Gadon ɗaya ne, amma mutum uku ke kallonsa: likitan da ke son mara lafiyarsa ya warke sarai, da mai biyan kuɗin da ke lissafin kowace rana, da kuma wancan bawan Allah da ke kwance a kan tabarma a baranda yana jiran a tashi ya hau. Kowace al'umma da ta gina asibiti sai da ta zauna ta raba gardama tsakanin waɗannan uku. Musulmi sun riga da yawa daga cikin al'ummu zama a kan wannan, kuma yadda suka yi ya cancanci a sani.

Malaman sira sun ambaci tantin Rufaida a masallacin Madina, inda aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu, Allah Ya yarda da shi, bayan kibiya ta same shi a yaƙin Khandaƙ a shekara ta 5 bayan Hijira, domin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya riƙa duba shi daga kusa. Amma asibiti mai ɗakuna da ma'aikata da dokoki, wanda ake kira bimaristan, kalmar Farisanci mai nufin wurin marasa lafiya, sai a zamanin Abbasiyawa ya kankama.

Wanda dokokinsa suka fi jan hankalina shi ne asibitin da Ahmad bin Ɗulun ya gina a Misira a wajajen shekarar 259 Hijiriyya, daidai da 872 zuwa 873 Miladiyya. Masanin tarihi Maƙrizi ya kawo sharuɗɗansa. Idan aka kawo mara lafiya, sai a karɓi tufafinsa da kuɗin da ke jikinsa a ajiye wurin amintaccen asibitin, a ba shi tufafin asibiti da shimfiɗa, a riƙa kai masa magani da abinci, likitoci suna duba shi har ya samu sauƙi. Ranar da ya iya cinye kaza da gurasa guda, ranar za a ce ya tafi gida, a mayar masa da kayansa da kuɗinsa. Ibn Ɗulun ya kuma shar'anta cewa kada a yi jinyar soja ko bawan sarki a wurin, domin don talakawan gari aka gina shi.

Mai karatu zai iya yin murmushi da jin zancen kaza, to amma a duba da kyau. Dawowar sha'awar abinci alama ce ta lafiya da ko yau likita yakan tambaya kafin ya sallami mutum. Kuma ma'auni ne da kowa ke iya gani da idonsa, attajiri da matalauci duk ɗaya. Abin da ya fi wannan muhimmanci a ganina shi ne inda aka ajiye jakar kuɗin. Tun daga bakin ƙofa aka raba mara lafiya da aljihunsa, saboda haka a cikin ɗakin jinya babu wanda ya san wa ke da abin biya, wa ba shi da shi. Jikin mutum ne kaɗai ya rage ya yi magana. Sarkin da kansa yakan zo kowace Juma'a ya duba rumbunan magani da likitoci da marasa lafiya. An ce ya daina zuwa ne bayan wani mai taɓin hankali ya roƙe shi rumman, da aka ba shi sai ya jefe shi da shi a ƙirji. Wannan ma darasi ne: sa ido da ya rataya ga wuyan mutum ɗaya, rumman guda ya isa ya kawo ƙarshensa.

A Bagadaza kuwa, sa idon ya ɗauki siffar hukuma. A shekarar 319 Hijiriyya, wato 931 Miladiyya, labari ya kai wa Halifa Muƙtadir cewa wani mutum ya mutu saboda kuskuren likita. Sai ya umarci muhtasibin birni, wato mai kula da hisba, da ya hana kowa aikin likitanci sai wanda Sinan bin Sabit ya jarraba ya ba shi takarda. Waɗanda aka jarraba sun haura 860, ban da manyan likitocin da suka riga suka shahara da kuma na fada. Tushen wannan a shari'a sananne ne, domin Abu Dawuda da Nasa'i da Ibn Majah sun ruwaito hadisin da ke ɗora lamuni a kan wanda ya yi magani alhali ba a san shi da ilimin magani ba.

Littattafan hisba sun yi gaba da haka. Shaizari, wanda ya rayu a zamanin Salahuddin Ayyubi, a littafinsa Nihayatur Rutba, da Ibnul Ukhuwwa a Ma'alimul Ƙurba, duk sun ware babi don likitoci. Tsarin da suka bayyana shi ne, likita ya rubuta abin da ya ba mara lafiya, ya bar wa danginsa kwafi a gaban shaidu, ya dawo washegari ya sake dubawa ya sake rubutawa, haka kullum har mutum ya warke ko ya cika. Idan ya cika, dangi su ɗauki takardun su kai wa babban likitan gari. In ya ga an bi ƙa'idar magani, sai ya ce ajali ne. In ya ga sakaci, sai ya ce a karɓi diyya daga likitan. Ka ga ke nan, tun a lokacin an fahimci cewa aikin likita sai likita ɗan'uwansa ke iya auna shi, kuma ba zai iya ba sai da rubutu na kowace rana.

Wannan rubutu shi ne matafiyin nan na Andalus, Ibn Jubair, ya gani da idonsa a Dimashƙa a shekarar 1184, a asibitin da Nuruddin Zanki ya gina a 1154. Ya ba da labarin cewa akwai ma'aikata riƙe da kundaye masu ɗauke da sunayen marasa lafiya da abin da ake kashewa a kan maganinsu da abincinsu, kuma likitoci kan yi sammako kullum su zagaya su rubuta wa kowa abin da ya dace da shi. Kuɗin da ake kashewa a rana ya kai wajen dinari 15. Wato zagayen likita na safe da fayil ɗin da ake ratayawa a gindin gado, waɗanda wasunmu ke ɗauka Bature ne ya zo da su, sun daɗe a duniya.

A wannan asibitin ne aka yi wani abu mai ban dariya, wanda Khalil bin Shahin Azzahiri ya ruwaito daga ziyararsa ta Dimashƙa a shekarar 831 Hijiriyya. Yana tare da wani Bafarishe mai ilimi da raha, wanda da ya ga irin cimar da ake ba marasa lafiya sai ya yi ciwon ƙarya aka kwantar da shi. Babban likita ya taɓa jijiyar hannunsa ya gane lafiyarsa lau, amma bai tona masa asiri ba. Ya rubuta masa kaji masu ƙiba da alewa da kayan marmari. Bayan kwana uku sai ya aika masa da 'yar takarda yana tuna masa cewa baƙunci ba ya wuce kwana uku. Likitan ya ɗauko hukuncin liyafa da ya zo a hadisi ya yi amfani da shi wajen ƙwato gadon wakafi daga wanda bai cancanta ba, ba tare da ya kunyata shi ba. Ni dai ban taɓa karanta sallamar asibiti mai ladabi kamar wannan ba.

Daga nan sai babban asibitin Mansuri na Alƙahira, wanda Sarki Ƙalawun ya gina a 1284. An ce tun yana kwamanda ciwon ciki ya kama shi a Sham, aka yi masa magani daga asibitin Nuruddin, sai ya yi bakance idan ya samu mulki zai gina irinsa. Maƙrizi ya ce Ƙalawun bai iyakance yawan marasa lafiya ba, bai kuma yanke wa'adin zamansu ba, har ma wanda ke jinya a gidansa ana aika masa da abin da yake buƙata. Idan aka haɗa wannan da labarin Bafarishen, sai hoton ya fito sarai. Mai ciwo na gaske ba shi da wa'adi, mai lafiya kuwa kwana uku ne nasa, kuma mai raba su shi ne likita mai duba kullum.

Sai dai kada zumuɗi ya kwashe mu, kamar yadda yakan kwashi wasu matasanmu idan ana zancen zamanin da. Waɗannan asibitoci a manyan birane suke, kuma ƙarfinsu daga wakafi yake, wato gonaki da shaguna da gidajen haya da aka tsayar domin su. Duk lokacin da masu kula da wakafi suka ci amana ko yaƙi ya cinye dukiyar, asibitin yakan durƙushe. Talakan ƙauye kuwa sau da yawa labari kawai yake ji, shi ya sa ma waziri Ali bin Isa ya rubuta wa Sinan yana umartar a tura likitoci da magunguna ƙauyukan Iraƙi da gidajen kurkuku. Rashin wa'adi a Mansuri ba karamcin baki ba ne, akwai dukiyar da ta tsaya masa.

A ƙasarmu ta Hausa jinya a gida take. Wanzami da ungozoma da mai magani su ke zuwa, mai karaya kuma a kai shi wurin maɗori. Malamanmu sun yi rubutu a kan magani, musamman Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, amma zancen ƙidayar kwanaki a gadon hukuma sai bayan zuwan Turawa ya taso. Kuma inda ya fi tsanani shi ne a kan masu cutar kuturta. Duk mai bin hanyar Talata Mafara zuwa Sakkwato yakan wuce Amanawa. Wannan wuri, da Babbar Ruga a Katsina, da Yadakunya a Kano, matsugunan masu kuturta ne da 'yan mishan na SIM suka karɓi gudanarwarsu a ƙarshen shekarun 1930, bisa yarjejeniya da hukumomin En'e. Maganin lokacin allurar wani mai ne da ake tatsa daga 'ya'yan itace, mai zafi kuma mai ƙarancin tasiri, saboda haka zaman ba na kwanaki ba ne, na shekaru ne. Mutane sun yi noma a can, sun yi aure, sun haihu. Tsawon zaman nan ne ya sa sarakuna suka riƙa nuna damuwa game da addinin yaran da ke tashi a hannun mishan, domin wanda ya riƙe maka ɗa shekara biyar ba jikinsa kaɗai ya riƙe ba. Abin da ya buɗe ƙofar waɗannan matsugunai kuwa magani ne. Da ƙwayar dapson ta yaɗu a shekarun 1950, aka fara raba ta a ƙananan ɗakunan shan magani mutum yana gidansa. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna, kuma yau wata shida ne ko goma sha biyu, gwargwadon nau'in cutar, ba tare da kwanciya ba sai in da wata matsala.

Dokokin ƙidayar kwanaki irin na zamani daga Amurka suka fi fitowa, kuma dole in taɓo su domin daga can muka aro namu. A 1965 gwamnatin Amurka ta kafa shirin Medicare na biya wa tsofaffi kuɗin asibiti, ta kuma shar'anta cewa duk asibitin da ke son kuɗinta sai ya kafa kwamitin likitoci mai bitar dalilin kwantarwa da tsawon zama. Dalili kuwa a fili yake: idan ana biyan asibiti gwargwadon kwanaki, riba tana cikin riƙe mutum. A 1983 sai aka juya tsarin, aka yanke wa kowane rukunin cuta kuɗi ƙayyadadde, ko mutum ya kwana uku ko ya kwana goma. Nan take riba ta koma cikin saurin sallama, aka fara kukan ana korar mutane tun ba su warke ba. Kamfanonin inshora ma suka matsa, har ta kai ana sallamar mai jego kwana ɗaya bayan haihuwa, sai da majalisa ta yi doka a 1996 cewa dole inshora ta biya aƙalla awa 48 bayan haihuwa, awa 96 kuma idan fiɗa aka yi. A duba yadda ma'aunin ke karkata duk inda kuɗi ya karkata. Hikimar Ibn Ɗulun ta ajiye jaka a bakin ƙofa a nan take bayyana.

Nijeriya ta kafa shirin inshorar lafiya na ƙasa da doka mai lamba 35 ta 1999, aka ƙaddamar da shi a 2005, tare da kamfanonin da ke shiga tsakani, waɗanda sai sun ba da lambar amincewa kafin a yi wa mutum babban aiki. Ƙa'idojin farko sun ba da kwana 15 na gado a shekara, daga baya aka ƙara zuwa 21. A 2022 aka maye gurbin dokar da wata sabuwa wadda ta wajabta inshora a kan kowa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta haramta ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa, da tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida. Duk wannan yana nan a takarda. Amma fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun mutane yake fitowa kai tsaye, kuma manomin Bakura ko Maradun ba ya cikin masu lambar amincewa. Shi kwamitin bitarsa buhunan da suka rage a rumbu ne. Idan suka ƙare, sai ka ji dangi suna cewa likita a ba su takarda su sa hannu, za su koma gida su gwada na gargajiya. Wani kuma akasin haka, ya warke amma a hana shi fita sai ya biya, yana kwance a gadon da wani ke mutuwa saboda rashinsa. Na farko an sallame shi kafin ya iya cin kaza, na biyu ya wuce kwana uku ba da son ransa ba.

Jiharmu ce ta fara shelar aiki da shari'a a 1999, muka samu hukumar hisba da ta zakka da wakafi, kuma wannan abin godiya ne. Abin da nake fata ɗalibanmu su lura da shi shi ne, a littattafan da muka gāji sunan hisba daga gare su, babin likita da mai sayar da magani yana nan daram kusa da babin mudu da sikeli. Kuma kalmar wakafi a zamanin Ƙalawun gadon asibiti take nufi kafin komai ga talakan Alƙahira. Mu kuwa da an ce wakafi sai tunaninmu ya tsaya ga masallaci na biyu a unguwar da take da ɗaya.

Akwai wani abu da ya faru a maƙwabtanmu wanda ya ƙara wa wannan mas'ala wani sharaɗi da ko Ibn Ɗulun bai ambata ba. A farkon 2010 aka gano yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma da Abare da Sunke, saboda gubar dalma da ke cikin duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara wajen 400 suka rasu, Allah Ya sa masu ceto ne ga iyayensu. Ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta buɗe ɗakunan jinya a Bukkuyum da Anka, inda da farko ake kwantar da yaro tare da mahaifiyarsa ana ba shi maganin da ke janyo dalma daga jini har kwana 28. Uwa ta bar sauran 'ya'yanta da gidanta kusan wata guda, ga damina ta kama. Da yawan yaran ya fi ƙarfin gadaje, aka kuma tara bayanin yadda maganin ke aiki, sai aka rage zuwa kwana 19, aka mayar da mafi yawan jinyar cikin ƙauyuka, gado ya zama na waɗanda abin ya yi wa tsanani.

Amma likitocin sun tsaya a kan wani abu guda: ba amfani a wanke jinin yaro a mayar da shi gidan da ƙasarsa ke cike da guba, yana rarrafe yana kai hannu baki. Saboda haka aka ɗaure magani da tsabtace gida, sai an kankare ƙasar tsakar gida an zuba sabuwa. Tambayar ta tashi daga ko yaro ya warke, ta koma ina za a mayar da shi. Ƙauyuka bakwai aka fara tsabtacewa. Bagega, wadda ta fi su girma, ta zauna tana jiran kuɗin gwamnatin tarayya, yaranta da dalma a jini, likitoci da magani a hannu, har zuwa farkon 2013 da aka saki kuɗin aka fara kankare ƙasa, sannan aka fara ba su magani. MSF ta miƙa aikin ga hukumomin jiha a 2022, kusan shekara goma sha biyu bayan kwantar da yaran farko.